Bindiga Ba Ta Tashi Da Kanta A Cikin Kube

A zaman hira na Hausawan Jidda, in aka ga ɗan sanda da ƙaramar bindiga a ƙugu, sai ka ji wani ya ce, "Allah Ya kiyaye, in ta faɗi ƙasa ai tashi za ta yi." Maganar tana da asali, amma ga yawancin bindigogin yau zamaninta ya wuce.

Tsofaffin bindigogi irin Colt ta 1873 lallai suna iya tashi in suka faɗi, domin allurar da ke buga harsashi tana zaune daf da shi. Shi ya sa masu ita ke zuba harsashi biyar maimakon shida, su bar gurbi ɗaya fayau. Yawancin bindigogin yau kuwa, kamar Glock da aka fara ƙerawa a Ostiriya farkon shekarun 1980, suna da wani ɗan ƙarfe a ciki da ke tare allurar, ba ya kaucewa sai an ja kunama. Kube mai tauri da ya rufe kunamar ruf, to ya gama aikinsa.

Haɗarin yana wajen mayar da ita kube. Yatsa kan kunama, ko gefen jallabiya ya shige ciki, mutum ya danna da ƙarfi, shi ke nan, harsashi a cinya. Kube na fata da ya tsufa ya yi laushi ma yakan lanƙwashe ya taɓa kunamar.

Ga kuma wanda ya fi ba ni tsoro: wai an cire gidan harsashi, bindiga ta zama fanko. Ina! Ɗaya na iya zama a maƙogwaronta, yana jira.