Wai lambar CD4 ɗin nan da ake rubuta muku a kati, ta mece ce?

Salamu alaikum jama'a. Jiya a wurin aiki wani bawan Allah mai ɗauke da HIV, ɗan dako daga Mile 12 a nan Legas, ya zaro takardar gwajin CD4 ɗinsa daga aljihu duk gumi ya jiƙa ta, ya ce Hajiya ni fa wannan 180 ɗin ban san me take nufi ba. Shi ne na ce bari in faɗa a nan ma kowa ya ji.

Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wasu ana ce musu T sel. Asalinsu daga ɓargo ne amma ba can suke koyon aiki ba, sai sun je wata 'yar tsoka a bayan ƙashin ƙirji mai suna taimus, nan ake horar da su su san na gida su san baƙo, duk wadda ta nuna za ta afka wa jikin mai ita tun a can ake gamawa da ita, mafi yawansu ma ba sa fitowa da rai.

Cikin T sel ɗin nan akwai CD8 akwai CD4. CD8 su ne masu gora, in bairos ya shige ƙwayar jiki ya ɓuya sai su kashe ƙwayar ɗungurungum. Ita CD4 usur take busawa kamar shugaban 'yan banga, ta tada CD8, ta tada B sel masu haɗa sinadarin kariya. In faɗa ya ƙare wasu su zauna shekaru suna riƙe da kamannin ɓarawon, amfanin rigakafin da muke ta bin ku da shi gida-gida a Agege da Idi-Araba ke nan.

To HIV muguwa, mai usur ɗin take kamawa. Lambar da ake rubutawa a kati yawan CD4 ɗin da ke cikin jini take nunawa. Lafiyayyen mutum CD4 ɗinsa tsakanin 500 da 1500 take, in ta faɗo ƙasa da 200 kanjamau ta kama, sai tarin fuka, farin abu a baki, zawo da ba ya tsayawa.

Shi mutumin nan gida ya tafi noma da damina, ya ji ƙarfi ya ajiye magani. Wallahi abin ya min ciwo don maganin shi ke hana HIV hayayyafa har jiki ya samu sararin sake tara CD4 a hankali, kuma kyauta ake bayarwa a asibitin gwamnati. Dan Allah in za ka tafi Arewa ka zo ka faɗa mana kafin ka hau mota, a ba ka na 'yan watanni ko a rubuta maka takarda zuwa asibitin da ke kusa da garinku.