Wanda Aka Sumar Jiya Ba Ya Shiga Fili Yau

Samarinmu, wata uku ke nan ina ganin abu ɗaya a ɗakin shan magani, kuma ya ishe ni. Yaro zai zo da ciwon kai da jiri, ya ce zazzaɓi ne. Sai na matsa masa da tambaya sannan ya ce an buge shi a ka wajen atisayen dambe, ya ga duhu, aka yayyafa masa ruwa, ya miƙe ya ci gaba. Washegari ma ya koma.

Da na yi faɗa sai musu ya tashi: ai boksin ya fi MMA (faɗan da ake haɗa naushi, shuri da kokawa) sauƙi, ko kuma MMA ta fi. To ku saurara. A MMA jini ya fi yawa, gaskiya ne. Safar hannun ƙarama ce, ga gwiwar hannu, ga shuri, ga murɗe gaɓa, shi ya sa ake yawan samun tsagewar gira, karaya da gocewar kafaɗa. Waɗannan muna iya ɗinkewa mu ɗaure. Boksin kuwa kai ake nema, har turmi 12 na minti uku-uku, kuma wanda ya faɗi ana ƙirga masa goma, in ya tashi a ci gaba da dukan kan nan da ya riga ya jigata. Nan ne ɓarnar da ba a gani take taruwa. Amma kada ɗan MMA ya yi murna. Shuri ɗaya Leon Edwards ya yi wa zakaran MMA Kamaru Usman a 2022, ya kwanta sumamme.

Tun 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya bayyana yadda tsofaffin 'yan boksin ke tafiya kamar mashaya. Mantuwa, nauyin harshe, rawar hannu, saurin fushi, duk sai bayan shekaru suke fitowa, lokacin da masu tafi sun watse. 'Yan damben gargajiya, har da ku nake. An kashe ka a fili yau, gobe kalangu ya kira ka ka sake ɗaura zare? Haba!

Ba na ce ku bar wasa ba, ni ma ina kallo. Komawa da wuri ne ke ba ni haushi. Hukumomin dambe da yawa suna dakatar da wanda aka sumar aƙalla kwana 30, kai kuma kwana ɗaya ya gagare ka.

In an bugi kai:
- A fitar da shi nan take, ko ya rantse lafiya lau yake.
- Amai, yawan barci, gani bibbiyu, fizge-fizge ko ruɗewar magana, a kai asibiti a daren.
- Kada a ba shi tiramol don ya daure.
- Kada a bar shi ya kwana shi kaɗai, kada ya hau babur.
- Ba atisaye sai likita ya ce.

Masu horarwa, ku ne kuka fi ba ni ciwon kai. Yaro ba zai ce ya gaji a gaban abokansa ba, ku za ku cire masa safar.