Rage zafi bayan aikin sauya gwiwa: wace hanya ta fi?

Me ya sa ba a dogara da magani ɗaya?

Zafin ya fi tsanani a kwana biyu zuwa uku na farko, kuma a lokacin ne ake so majinyaci ya miƙe ya fara lanƙwasa ƙafa. Gwiwar da aka bar ta kwance sanƙarewa take yi. Don haka ma'aunin kowace hanya shi ne: ta rage zafi, amma ta bar mutum ya iya takawa. Shi ya sa ake haɗa hanyoyi da dama maimakon dogara da magani ɗaya.

Allurar kashe jijiya da aka fi yi iri biyu ce. Wacce ta fi?

Wadda ake yi a gindin cinya tana kashe zafi sosai, sai dai tana kashe ƙarfin tsokar gaban cinya. Mutum ya ji garau, ya sauko daga gado, gwiwa ta lanƙwashe, ya faɗi. Wadda ake yi a tsakiyar cinya ta ciki ta fi taɓa jijiyar jin zafi, ƙarfin ƙafa ya saura, shi ya sa likitoci da yawa suka koma mata. Dukkansu ba sa isa bayan gwiwa, don haka likita kan zuba maganin kashe zafi cikin naman gaɓar kafin ya ɗinke.

Allura ɗaya takan saki cikin awa 12 zuwa 24, sau da yawa da dare. A fara shan ƙwayoyi tun ba ta saki ba.

Siririn bututun da ake sawa a gadon baya don zuba maganin kashe zafi fa?

Yana aiki, amma yana iya saukar da jini, ya riƙe fitsari, kuma yana da haɗari ga mai shan maganin tsinka jini.

Waɗanne ƙwayoyi ake sha?

Farasitamol giram 1 duk awa 6, kada ya wuce giram 4 a rana. Akan ƙara ibuprofen ko celecoxib, amma mai ciwon ƙoda ko gyambon ciki sai da izinin likita. Mofin da tiramadol na zafi mai tsanani ne, na 'yan kwanaki. Suna kawo tashin zuciya, taurin bayan gida da gyangyaɗi. Idan an ba majinyaci na'urar mofin mai maɓalli, shi kaɗai zai danna. Idan mai kula da shi ya danna masa yana barci, numfashi na iya tsayawa.

A gida fa?

Ƙanƙara a naɗe cikin tawul, minti 15 zuwa 20, ƙafa a ɗage. A sha magani kamar rabin awa kafin motsa jiki. Idan sharaɓa ta kumbura tana zafi, ko zazzaɓi ya zo, ko ɗinkin yana fitar da ruwa, a koma asibiti a ranar.