Dokar PACT ta Amurka da bibiyar sankarar fata a jikin tsofaffin sojoji

Dokar PACT, wato dokar Amurka kan kula da tsofaffin sojojin da suka yi mu'amala da guba a bakin aiki, wadda Shugaba Joe Biden ya sanya wa hannu ranar 10 ga Agusta, 2022, ta ambaci Saudiyya da suna, shi ya sa ya dace mu mazauna Jidda da Makka da Madina mu san abin da ta ƙunsa. Ta tanadi cewa duk sojan Amurka da ya yi aiki a nan, ko a Kuwait, Iraƙi, Bahrain, Katar, Oman, Somaliya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, daga 2 ga Agusta, 1990, za a ɗauka ya shaƙi hayaƙin ramukan da ake ƙona shara a sansanonin soja.

A da, sai tsohon soja ya kawo hujjar cewa aikin soja ne ya jawo masa cutar kafin a biya shi diyya, alhali hujjar kan yi wuyar samu bayan shekaru. Yanzu in likita ya tabbatar da melanoma, wato mafi haɗarin sankarar fata, kuma takardun aikinsa sun nuna ya zauna a ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe, ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji za ta ɗauki cutar a matsayin ta aiki. Wannan sashe bai shafi farar hula da suka yi ƙwadago a sansanonin ba.

Dokar ta kuma wajabta tantance duk tsohon sojan da ya yi rajista a tsarin kula da lafiya na ma'aikatar, sannan a maimaita aƙalla sau ɗaya cikin shekara 5. A nan ne nake ganin akwai buƙatar gyara. Tantancewar tambayoyi ne na 'yan mintuna game da gubar da mutum ya yi mu'amala da ita, ba duba fata ba ne daga kai zuwa ƙafa, kuma shekara 5 ta yi wa melanoma yawa. Wanda ya yi tsaron ƙofa a zafin ranar Dahran, a gabashin Saudiyya, ya cancanci a haɗa shi da likitan fata, a ba shi ranar dawowa, a kira shi in bai zo ba.

Baƙar fata ba ta hana wannan cuta. A jikin irinmu takan ɓuya a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ta fito kamar baƙin layi a ƙarƙashin farce, wuraren da ba a cika dubawa ba. Tawadar Allah da ta fara girma, ko ta sauya launi, ko take zubar da jini, a kai ta gaban likita a makon, ba sai lokacin tantancewa ya zagayo ba.