Jariri na jin zafin allura kuwa? Ga yadda ake rage masa ba tare da magani ba

Wai da gaske jinjiri yana jin zafi, ko dai kukan tsoro ne kawai?

Yana ji sosai, har bakwaini ma yana ji. Abin tausayi shi ne har zuwa shekarun 1980 akwai likitoci a Turai da Amurka da suke ganin jijiyoyin jariri ba su gama ƙosawa ba, har ana yi wa wasu tiyata ba tare da isasshen maganin kashe zafi ba, sai a 1987 binciken wasu likitoci biyu, Anand da Hickey, ya taimaka aka sauya tunani. Idan an soke shi za ki ga ya yamutsa goshi ya runtse ido, bugun zuciyarsa ya ƙaru, wannan ai ba shagwaɓa ba ce.

To me zan yi idan an zo yi masa rigakafi ko ɗibar jini a dunduniya?

Ki ba shi mama, shi ne na farko. Ki fara shayar da shi kamar minti biyu kafin allurar kuma kar ki cire shi lokacin da ake yi, ki bari ya ci gaba da tsotso, don ɗumin jikinki da ƙamshinki da zaƙin nonon da tsotson kansa duk suna haɗuwa su sassauta masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2015 ta ba da shawarar a shayar da jariri lokacin rigakafi. Wallahi yana damuna in ga an karɓe jariri daga hannun uwarsa an kwantar da shi a tebur an danne ƙafarsa alhali maganin yana jikinta, ki roƙi nas ɗin cikin ladabi ta bar miki shi a cinya.

Ba zai ƙware ba idan ya yi kuka da nono a baki?

Mata da yawa suna wannan fargabar, amma ba abin damuwa ba ne, yakan saki ya ɗan yi kuka ya koma ya kama.

In bakwaini ne da bai iya kama mama ba fa?

Sai a ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata daga shi sai nafkin, a lulluɓe su da zani, ya ɗan jima a haka kafin a taɓa shi. Wannan goyon ƙirjin a Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara shi a 1978 saboda ƙarancin kwalbar ɗumama bakwaini. Uba ma zai iya. In ba a iya ɗaga shi sai ma'aikaciya ta tattara masa hannuwa da ƙafafu kamar yadda yake kwance a ciki, ko a naɗe shi.

Na ji ana ba su ruwan sukari?

Eh, a asibiti akwai na musamman mai kashi 24 cikin 100, ana ɗiga 'yan ɗigo kaɗan a kan harshe minti biyu kafin allura. Amma don Allah kar ki haɗa naki a gida, kuma zuma kam sam, ba a ba yaron da bai kai shekara ɗaya ba saboda wata ƙwayar cuta da kan shanye masa jiki.

Kaciya fa, wannan dabarun sun isa?

A'a, ba su isa ba. Na ƙananan abubuwa ne irin allura da ɗibar jini, kaciya ko sa robar ƙirji sai da allurar kashe zafi daga likita, sannan a ƙara da su a kai.