Waiwaye: Wilkinson da ƙarfen da ya zauna tsakanin zobba biyu

Ɗaliban kemistiri a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi da takwarorinsu na Gombe sukan haddace sunan Wilkinson, masanin kemistiri ɗan Ingila, saboda jarrabawa, kaɗan ne ke bin sawun mutumin. Alhali aikinsa ya shigo har ɗakunan iyayenmu.

An daɗe da sanin cewa ƙarfe na iya ɗaurewa da kabon. Edward Frankland ya haɗa irin wannan sinadari da zink a 1849, Victor Grignard kuma ya yi nasa da magnesiyam a 1900. Sai dai masana sun ɗauka cewa ƙarafa irin su baƙin ƙarfe ba sa riƙe kabon da kyau, da an haɗa sai su wargaje.

A 1951 Kealy da Pauson, a Jami'ar Duquesne ta Amurka, suna neman wani abu daban sai suka samu gari ruwan lemo wanda bai damu da iska ko ruwa ba, yana kuma jure zafi ƙwarai. Suka zana siffarsa a layi: zoben kabon, baƙin ƙarfe, zoben kabon. Geoffrey Wilkinson, ɗan garin Todmorden a Ingila da aka haifa a 1921, yana Harvard a lokacin, bayan ya yi aikin nukiliya a Kanada da kuma Berkeley a ƙarƙashin Glenn Seaborg. Zanen bai kwanta masa ba. Shi da Robert Woodward da abokan aikinsu suka auna sinadarin, suka ga duk haidirojin goma da ke cikinsa iri ɗaya suke nunawa, kuma babu ɓangaren da ya rinjayi wani a cajin lantarki. Hakan ba zai yiwu ba sai in ƙwayar ƙarfen tana tsakiya, zobe mai kabon biyar a sama, wani a ƙasa, kamar ƙosai a cikin burodi. Suka wallafa a 1952, aka raɗa masa suna ferosin. A Munich ta Jamus, Ernst Otto Fischer ya kai ga wannan amsa ta tasa hanyar. Wilkinson da Fischer aka ba kyautar Nobel a 1973, Woodward kuwa har wasiƙar ƙorafi ya rubuta wa kwamitin.

A ganina babban aikin Wilkinson ya zo ne bayan ya koma Kwalejin Imperial ta Landan a matsayin farfesa a tsakiyar shekarun 1950. A can ne, wajen 1965, ɗakin gwajinsa ya fito da sinadarin rodiyam (wani irin ƙarfe) mai hanzarta haɗuwa, wanda ke sa haidirojin shiga wasu sinadarai ba tare da zafi ko matsi mai yawa ba. Binciken da suka yi kan rodiyam ya share wa masana'antu hanya, a shekarun 1970 suka fara sarrafa iskar firofilin, wadda ake samu daga man fetur, da ƙaramin matsi zuwa sinadaran da ke tausasa roba. Ledar ɗakin amarya, tiyon ban ruwa na 'yan lambu da rigar wayar lantarki duk irin wannan roba ce. Shi ma ferosin ya shiga asibiti: masana a Oxford sun yi amfani da danginsa a shekarun 1980 wajen ƙera ƙaramar na'urar auna sukarin jini.

Wilkinson ya kuma rubuta babban littafin koyarwa tare da F. Albert Cotton a 1962, ya rasu a 1996.

Tun da aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a Nuwamban 2022, hirarmu ba ta wuce ganga nawa za a samu da kason da zai zo wa kowace jiha. Ni dai ina so gwamnatocin biyu su fara da sayen na'urorin awo da tsayayyiyar wuta ga sassan kemistiri na Bauchi, Gombe da Kashere, domin yawancin irin waɗannan sinadarai na ƙarfe da kabon ba sa haɗuwa sai a inda aka killace su daga iska da danshi.