Yawon babban hutu a ƙasar Maraɗi: ina za a je, me za a gani?

Da an rufe makarantu damina ta kankama, sai a fara shawarar inda za a kai yara. Mai hali ya yi Yamai ko Kano, marar hali ya ce bana sai haƙuri. Abin da ke damuna shi ne yaro ya girma a Maraɗi, ya haddace tarihin Faransa a aji, amma bai taɓa taka ƙofar fadar Tsibiri ba. Ga tambayoyin da aka fi yi mini kan wannan batu.

Ba damina ba ce? Wa ke yawo cikin ruwa?

Ai lokacin ne ƙasar ke nuna kyanta. Hatsi ya rufe mutum, tabkuna sun cika, Gulbin Maraɗi da ke kwance da rani ya taso yana gudu. A dai bi gudron, a guji hanyoyin fadama ranar da aka kwana ana ruwa, kada kuma a taɓa sa mota cikin ƙorama mai gudu.

Daga ina ya kamata a fara?

Daga cikin gari. Bayan jihadi ya ci Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yo arewa, Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Amma garin da suka zauna a fadama yake, bakin gulbi. Ambaliyar 1945 ce ta rushe shi, aka hauro tudu aka yanka sabbin unguwanni. Ka kai yaro ƙofar fada, sannan ka gangara da shi fadama inda yau sai lambuna da itatuwan mangwaro, ka ce masa nan kakanninsa suka zauna. Za ka ga ya yi shiru yana dube-dube. Wannan fitar ko kuɗin mai ba ta ci, kabu-kabu ma ya isa.

To, idan an fita gari?

Tsibiri, wajen kilomita 12. Nan nake so a daɗe. A 1836 aka gwabza a Gawakuke, rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta yi galaba, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka faɗi a fagen daga. Gobirawan da suka tsira ba su watse ba. Suka taru ƙarƙashin Mayaƙi, da taimakon Ɗan Mari na Maraɗi suka kafa Tsibiri, aka ci gaba da sarautar Gobir a can. Kusancin garuruwan biyu ke nan: abokan yaƙi ne da suka jingina da juna.

Kada a shiga fada kamar an shiga kasuwa. A yi sallama, a gaida fadawa, a nemi iso. Idan aka dace da dattijo mai son magana, a zauna a ƙasa a saurara, a tambaye shi matsayin Inna a sarautar Gobir, da abin da ake yi ranar buɗin daji. Goro ko ɗan abin sayensa ba ya ɓata zance. Yara kuma su ga wasan Gobirawa da Katsinawa da Yarbawa da ake ba su labari, su san cewa zolayar nan tana da asali.

Ina ake ganin ruwa da tsuntsaye?

Madarunfa, kudu da Maraɗi, tafiyar da ba ta kai awa guda. Tabkin na tumbatsa da damina, masunta na fitowa da tarwaɗa da karfasa, balbela fari fat a bakin ruwa. Kewaye da shi akwai kaburburan da mutanen garin ke cewa na waliyyai 99 ne, ana zuwa ziyara daga nesa, har an sa wurin cikin jerin wuraren tarihi da Nijar ta gabatar wa UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2006. A kan hanya a ratsa Jiratawa a ga gonakin zogale. A riƙe hannun ƙananan yara a bakin tabki.

Dajin Baban Rafi fa?

Ban ba da shawara ba a yanzu. Ƴan bindiga sun addabi ƙauyukan bakin iyaka. Ko Madarunfa ma a tafi da hantsi, a komo kafin la'asar, a kuma tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki tun kafin a tashi.

Mai kwana biyu a hannu ina zai nufa?

Gabas, ta Agye da Gazawa zuwa Tasawa, wajen kilomita 120. Kaɗan gaba da ita akwai Maijirgi, inda kaburburan Bule da Shanuwan suke, hafsoshin Faransa biyu da suka ƙona Birnin Ƙonni, suka yaƙi Sarauniya a Lugu, suka bar gawarwaki a duk inda suka bi a 1899. A Dankori Bule ya sa aka harbe Kanar Kulob da aka aiko ya tsayar da su, ranar 14 ga Yuli, kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe su. Ba wurin ɗaukar hoto ana dariya ba ne. Akwai gidajen da har yau suna riƙe da labarin abin da aka yi wa kakanninsu, kuma daga bakinsu ya fi dacewa a ji.

Mai mota mai ƙarfi yana iya yin arewa ta Dakoro zuwa gandun dajin Gadabeji, inda aka kai raƙuman dawa daga Kure a 2018. Sai da izini da ɗan jagora daga ma'aikatan gandun daji.

Me za a ɗauka?

Katin ɗan ƙasa da takardun mota saboda shingen jandarma, tayar safiya, ruwan sha mai yawa, gidan sauro idan da kwana. Guzuri kada ya yi yawa, akwai fura da tsire da gasasshiyar masara a hanya. In akwai tsoho ko tsohuwa a gida da ƙafa ke iya ɗauka, a ba su kujerar gaba. Su ne za su nuna inda tsohuwar hanya ta bi, da ƙauyen da aka auro kakar yaran.